Tsakanin gado da ƙofa: yadda za mu gyara ɗakin kwanan tsofaffinmu

'Yan'uwa, wanda ya zauna a ƙasar Birnin Gwari cikin shekarun nan ya san yadda muke tarbar dare. Rana na faɗuwa sai a shigo da awaki, a ja ƙofa, a danna sakata, a kashe fitila, kowa ya kwanta kunnensa a buɗe. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 kuma ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, da dajin Kuyambana da ke manne da shi ta wajen Zamfara, sun daɗe suna zaman maɓoyar 'yan bindiga. Mutanen Gwaska ba su manta da watan Mayun 2018 ba. Na Dogon Dawa, Randagi, Kuyello da sauran garuruwa, kowa da nasa labarin. Ko bayan sulhun da ya sa aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, mutane ba su daina sa sakata ba, mu ma ba mu ce a daina ba.

Sai dai akwai haɗarin da muke kullewa a ciki tare da iyayenmu. A ziyarar gidaje da muke yi, mun taɓa iske wata mama mai shekara 70 da 'yan kai a kwance, ba ta iya ɗaga ƙafa. Sau biyu ta yi gudun hijira, ta keta daji da ƙafarta, ta tsira. Abin da ya kayar da ita shi ne bakin tabarmar ɗakinta. Ta tashi fitsari wajen ƙarfe 3 na dare, ba ta kunna tocila ba don kada a hango haske daga waje, ƙofar kuwa a kulle take ta ciki. Sai da gari ya waye jikarta ta ji nishi, aka ɓalle ƙofar. Ƙashin ƙugunta ya karye, kuma ba ta sake takawa da kanta ba.

Abin da ke cikin daji ya fi ƙarfin gida ɗaya. Amma 'yar tazarar da ke tsakanin gadon tsoho da inda zai zagaya, taku biyar ko goma, wannan a hannunmu take, kuma yawancin gyaran da take bukata ba ya cin kuɗi. A kanta za mu yi magana.

Me ya sa dare ya fi wa tsoho haɗari

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne ke mutuwa kowace shekara sakamakon faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Ta kuma ce a cikin masu shekara 65 zuwa sama, kashi 28 zuwa 35 cikin 100 suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Wato in tsofaffi uku suna zaune a benci ɗaya, mai yiwuwa ɗayansu zai faɗi kafin baɗi war haka.

Abubuwa huɗu ne ke haɗuwa da dare. Na fari, ido. Hasken da ke shiga idon mai shekara 60 kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wanda ke shiga idon mai shekara 20, kuma idon tsoho yana daɗewa kafin ya saba da duhu. Ɗakin da jika ke gani sarai da hasken farin wata, ga kakarsa duhu ne ƙirin. Idan akwai yanar ido, abin ya ƙaru. Binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da manya, alhali aiki ne da ake yi mutum ya koma gani, kamar a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Na biyu, jini. Idan mutum ya daɗe a kwance ya miƙe farat ɗaya, jini yakan gangara ƙafafu. Jikin saurayi yana mayar da shi sama nan take, na tsoho kuwa yana ɗan jinkiri. A cikin jinkirin nan ne ido ke rufewa, jiri ya ɗebi mutum.

Na uku, mafitsara. Yawancin tsofaffi suna tashi fitsari sau ɗaya ko biyu ko fiye kowane dare, kuma sau da yawa fitsarin na zuwa da matsi, sai mutum ya tashi da gaggawa da magagin barci.

Na huɗu, ƙashi. Da tsufa ƙashi yana yin gautsi, musamman ga mata bayan al'ada ta ɗauke. Faɗuwar da yaro zai yi ya tashi yana dariya, ita ce ke karya ƙugun kakarsa.

A kan waɗannan sai mu ƙara namu yanayin. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna kimanin kilomita 120 ne, ta Udawa da Buruku, hanyar da ba kowane direba zai yarda ya hau da dare ba. Wanda ke ƙauye, ko babban asibitin cikin gari sai ya jira safiya. Don haka raunin da ya faru ƙarfe 3 na dare yana iya kwana ya wuni bai ga likita ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu fi mutanen birni kula.

Haske

Mun san dalilin da ya sa ake kashe fitila. Amma tsoho ba ya bukatar hasken da zai cika tsakar gida. Ɗan haske ne a ƙasa, wanda zai nuna masa bakin gado da hanya. Ƙaramar fitilar sola ko mai caji, in aka ajiye ta a ƙasa kusa da ƙafar gado aka juya fuskarta ga bango, tana haska daɓe ba tare da ta fita waje ba. A sa labule mai kauri a taga, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, sannan wani ya fita waje ya duba ko ana gani. In ba a gani, magana ta ƙare, a bar ta ta kwana a kunne.

Tocila kuma ta kasance a wuri ɗaya kullum, inda hannu zai kai ba sai an tashi ba. A ɗaura mata igiya a jikin gado don kada jikoki su ɗauke. A duba maɓallinta, gama wasu tociloli suna da ɗan maɓalli mai tauri wanda yatsun da suka yi sanyin ƙashi ba sa iya dannawa. Wadda ake ɗaurawa a goshi ta fi, domin tana barin hannu biyu, ɗaya ga sanda ɗaya ga bango. Tun da wutar lantarki ba ta da tabbas, a ba yaro ɗaya aikin fitar da fitilar rana kowace safiya da mayar da ita kafin duhu.

Kyandir, aci-bal-bal da fitilar ƙwai ba na ɗakin tsoho ba ne. Hannu mai rawa, katifar soso da gidan sauro, in suka haɗu da harshen wuta, minti kaɗan ya isa.

Gado, daɓe da takalmi

Ga yadda ake gane gadon da ya dace: tsoho ya zauna a bakinsa, tafin ƙafafunsa biyu su taka ƙasa sosai, gwiwarsa ta yi daidai da ƙugunsa ko ta ɗan yi ƙasa kaɗan. In ƙafafun suna lilo, kamar a dogon gadon ƙarfe irin na da, gadon ya yi tsawo, sai kafinta ko mai walda ya rage ƙafafunsa. In kuwa katifa ce a ƙasa ko tabarma, tashi daga kanta aiki ne babba ga mai ciwon gwiwa, kuma a wajen yunƙurin tashin ne da yawa ke kifewa. Gadon katako mai ƙarfi ko dakalin siminti mai tsayin gwiwa ya wadatar. Kada a ɗora gado a kan bulo mai motsi. A jingina gefe ɗaya da bango, kuma a sauya katifar da ta lotsa a tsakiya, domin fita daga cikinta kamar fita daga rami ne.

Kusa da gado a sami abin dafawa wanda ba ya motsi: ƙarfe ko katako da aka kafe a bango, ko kujerar katako mai nauyi. Kujerar roba tana zamewa. Labule da igiyar gidan sauro kuwa ba abin riƙewa ba ne, ko da yake su hannu ke fara kamawa in jiri ya zo.

Sai daɓe. Ku tsaya a bakin gado ku dubi hanyar zuwa ƙofa. Me ke kanta? A gidaje da yawa za ku ga buta, kwanon tuwon dare, takalman jikoki, wayar caji da ta ratsa ɗaki, buhun masara, wani lokaci har da jika kwance a tabarma. A kwashe su duka, hanyar ta zama fili, faɗinta ya isa mutum da sandarsa. Ledar ɗaki da ta yage ko ta naɗe baki, a yanke ko a cire. Darduma ko tabarmar da ke zamewa a kan siminti ko tayil, a ɗauke ta da dare. Ramin da ya fashe a daɓe, a cike shi. Dokin ƙofa mai tsawo yana tare ruwan damina, don haka ba lalle a fasa shi ba, amma a shafa masa farin fenti ko farar ƙasa yadda za a gan shi, a kafa mariƙi a jikin bangon kusa da shi. Bayan an gama shirya ɗakin, kada a riƙa sauya wa kaya wuri. Mai raunin gani da ƙafa da hannu yake haddace ɗakinsa.

Gidan sauro dole ne, zazzaɓin cizon sauro ba ya raga wa tsoho. Amma a ɗaura shi sama yadda gefensa ba zai ja ƙasa ba, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, kuma tsohon ya saba da gefe ɗaya da yake fita. Da yawa ƙafa ce ke sarƙewa a cikin ragar. Haka zani ko doguwar riga mai jan ƙasa, a sami gajere na kwana. Silifas ɗin da ya suɗe ko ya yi wa ƙafa yawa yana da santsi, safa a kan siminti ma haka. Takalmi mai maɗauri ta baya da ƙasan roba shi ya fi.

Akwai ɗabi'a guda da ta fi duk waɗannan araha. In an farka, kada a miƙe kai tsaye. A kunna haske, a zauna a bakin gado, a motsa ƙafafu, a ƙirga a hankali har 30 ko fiye. Sannan a miƙe a dafa, a ɗan tsaya. In ba jiri, sai a taka. Sannu ba ta hana zuwa.

Fitsarin dare da magunguna

A yawancin gidajenmu ban ɗaki yana can ƙarshen gida, bayan an ratsa tsakar gida mai turmi, murhu, igiyar shanya da turken awaki, da damina kuma ga taɓo. Hanya mafi sauƙi ita ce a kawo wurin fitsarin kusa. Fo ko bokiti mai murfi a gefen gado ya isa. Ga namiji, jarka mai faɗin baki da zai yi amfani da ita a zaune. Ga wanda tsuguno ya gagara, kafinta yana iya huda tsakiyar kujerar katako mai hannuwa a sa bokiti a ƙarƙashinta. A zuba ɗan ruwa da sabulu a ciki saboda wari, a zubar da sassafe, kuma mai zubarwa ya yi shi ba tare da tsaki ko ɓata fuska ba. Tsohon da ya ga ana ƙyamar bokitinsa, gobe zai fita waje cikin duhu.

Kada a hana tsoho ruwa don gudun fitsari, musamman da bazara, gama ƙarancin ruwa a jiki shi ma yana kawo jiri da ruɗewa. A sha sosai da safe da rana, a rage awa biyu kafin kwanciya. Shayi mai kauri, goro da barasa da yamma suna ƙara fitsari. Mai kumburin ƙafa ya ɗora ƙafafunsa sama na ɗan lokaci da la'asar, domin ruwan da ya taru ya fita kafin dare. In fitsarin ya yi yawa ƙwarai, ko yana zafi, ko yana fita da ƙyar, a je asibiti. Yana iya zama ciwon suga, ko ƙwayoyin cuta a mafitsara, ko kumburin ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, kuma duka ana maganinsu.

Magunguna ma suna da hannu a faɗuwa. Maganin barci irin su Valium, maganin mura irin su Piriton, da masu kashe ciwo masu ƙarfi irin su tiramadol da kodin, suna sa maye da rashin daidaito, kuma suna daɗewa a jikin tsoho. Kada a saya wa tsoho maganin barci a kemis ba da takardar likita ba. Magungunan da ke sa fitsari, irin su Lasix, yawanci da safe ake shan su. Maganin hawan jini kuma yana iya sa jiri in an miƙe, amma kada a daina shi da ka, gama hakan na iya jawo shanyewar ɓarin jiki. A zuba duk abin da tsoho ke sha a leda ɗaya, har da na gargajiya, a kai wa ma'aikacin lafiya ya duba, a kuma roƙe shi ya auna jinin a kwance da kuma a tsaye. Mai ciwon suga da ke shan Daonil ko allurar insulin, kada ya kwanta da yunwa, kuma a ajiye masa ƙwayar suga kusa. In ya farka da gumi, rawar jiki ko ruɗewa, yana kuma iya haɗiya, a ba shi suga nan take.

Hunturu, hayaƙi da guba

Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi yana shiga ƙashin tsofaffi, sai a kai musu kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi in yana ci a rufaffen wuri yana fitar da iskar guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, masana suna kiranta kabon monoksaid. Wanda ke farke zai ji ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Mai barci kuwa sau da yawa ba ya farkawa. A ɗumama ɗakin da yamma taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta. A ƙara bargo, hula da rigar sanyi, ko a zuba ruwan ɗumi a gorar roba a naɗe ta da zani a sa wajen ƙafa. Kada ruwan ya yi zafi, domin mai ciwon suga yana iya ƙonewa bai ji ba. Janareta ma wannan iskar yake fitarwa. Ko ana tsoron ɓarawo, kada a shigar da shi ɗaki ko baranda. Ya kasance a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. In aka iske mutum a sume a ɗaki mai kasko, a buɗe ko'ina, a fitar da shi iska, a nufi asibiti.

Tun da rashin tsaro ya sa mutane da yawa suka bar rumbu suka koma jibge hatsi a cikin ɗaki, wani haɗari ya ƙaru. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun masara ko wake don ƙwari, irin su Phostoxin, tururin guba take fitarwa, kuma tana kashe mutum kamar yadda take kashe gunda. Kada kowa ya kwana a ɗakin da aka sa ta, ko ɗakin da iska ke ratsawa tsakaninsa da shi. Fiya-fiya da Sniper ma ba na ɗakin kwana ba ne. Maganin sauro mai hayaƙi kuwa yana tayar da tari da asma, yana kuma kama katifa.

Maciji da kunama

Mu da ke gefen daji, da masu zama kusa da rafi ko gona, mun san damina da kaka lokacin macizai ne. Hatsi a ɗaki yana jawo ɓera, ɓera kuma yana jawo maciji. A share ciyawa da tarin itace daga jikin bango, a toshe ramuka da tsagar bango da ƙasan ƙofa. Gado mai tsayi da gidan sauro da aka cusa da kyau suna kare mai barci fiye da tabarma a ƙasa. A haska ƙasa kafin a sauke ƙafa, a kuma kakkaɓe takalmi saboda kunama.

In maciji ya yi sara, ko kububuwa ce ko kasa ko gamsheƙa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da abin hannu, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin kada ya taka, a kai shi asibitin da ke da allurar dafin maciji. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma mutum yana iya zama kamar lafiya lau da fari, don haka kada a ce a jira a gani. In maciji mai tsartuwa ya tofa a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan da nan. Yana da kyau tun yanzu, ana zaune lafiya, mai gida ya tambaya ya san inda ake samun allurar mafi kusa.

Ƙofa da kira

Sakatar da ke hana mugu shiga ita ce ke hana ɗa shiga in uwarsa ta faɗi. Inda gida ke da katanga da ƙofar waje mai ƙarfi, a ƙarfafa ta wajen, a bar ta ɗakin tsoho da makullin da ake iya buɗewa ta ciki da ta waje, mabuɗi ɗaya a hannun wanda ke kwana kusa. Kada a taɓa kulle tsoho da kwaɗo ta waje a tafi da mabuɗi, ko da gigin tsufa ya kama shi yana fita yawo da dare. In gobara ta tashi ba shi da mafita. Mai irin wannan lalura, a sa babba ya kwana tare da shi, a rataya ƙararrawa a ƙofa.

Dole kuma tsoho ya sami hanyar kira, ko yana kan gado ko yana ƙasa. Waya tana da amfani, amma mun tuna ƙarshen 2021, lokacin da aka katse layukan waya a yankinmu na tsawon makonni. Usur da aka ɗaura a ƙafar gado, ko gwangwani mai tsakuwa da aka ja igiyarsa zuwa ɗakin da ke kusa, ba sa bukatar caji. A yarda a kan alama, misali bugun bango sau uku, don kada a ɗauka hari ne gida ya rikice.

Tun da mun san akwai daren da ake tashi a guje, kowane gida ya san tun da wuri wa zai kama Baba, wa zai goya Kaka. In aka bar shi a kan kowa, a ranar kowa zai ɗauka wani ya yi. A rataya 'yar jaka a bakin ƙofa mai ɗauke da magungunansu, katin asibiti, tabarau da mayafi, sanda da takalmi kuma a wuri ɗaya kullum.

Ku da kuka karɓi iyaye da suka baro ƙauye, ko a cikin garin Birnin Gwari, ko Kaduna, ko Funtua, ku sani kwanakin farko a baƙon ɗaki sun fi haɗari. Ƙafarsu ta saba da daɓen ƙasa, ga tayil mai santsi da matakala. Ku zagaya da su da rana, ku nuna musu hanyar ban ɗaki, ku bar musu haske, ku ba su ɗakin ƙasa.

In an riga an faɗi

Kada a yi saurin ɗaga mutum. A yi masa magana, a tambaye shi inda ke ciwo. In yana jin zafi a ƙugu ko matsematsi, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta ta kuma juya waje, mai yiwuwa ƙugu ya karye. Kada a miƙar da shi, kada a ja ƙafar. A rufe shi da bargo, a ɗauke shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako. Mun san mutanenmu suna zuwa wurin masu ɗori, amma karayar ƙugu tana can ciki inda kara da tsumma ba sa kaiwa, yawanci sai an ɗauki hoto an yi aiki, kamar a asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko Barau Dikko a Kaduna, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Doguwar kwanciya ba magani ita ke kawo gyambon baya da ciwon huhu, su ne kuma ke ƙarasa tsoho.

In kai ya bugu, a sa ido kwanaki da makonni, gama jini yana iya taruwa a hankali cikin kan tsoho, musamman mai shan asfirin ko wafarin. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci ko sauyin hali, duka na asibiti ne. In baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki ko magana ta sarƙe, shanyewar ɓarin jiki ce, a tafi da zarar hanya ta yiwu, kada a ɗura masa komai a baki.

In ba rauni, ga yadda ake tashi, kuma ya kamata a koya wa tsoho tun da rana: ya juya gefe, ya durƙusa a kan hannuwa da gwiwoyi, ya rarrafa zuwa gado ko kujera mai ƙarfi, ya dafa da hannu biyu, ya sa ƙafar da ta fi ƙarfi gaba, ya yunƙura ya zauna. Ko bai ji ciwo ba a gaya wa ma'aikacin lafiya, domin wanda ya faɗi sau ɗaya ya fi kusa da sake faɗuwa. Kada kuma tsoro ya sa a hana shi motsi. Zama wuri ɗaya yana kashe ƙafa. Ya riƙa takawa da rana, yana tashi yana zama a kujera sau da yawa, wani na tsaye kusa.

Yadda za mu faɗa musu

Dattijon da ya noma gona shekara 50 ba zai ji daɗi ɗansa ya shigo da fo ya dire masa ba. Da yawa suna faɗuwa su ɓoye, don kada a ce sun zama kaya. In ka ce, “Baba, kun tsufa, ku daina fita da dare,” amsar da za ka samu ita ce, “Tun ba a haife ka ba nake bin hanyar nan.” Gwada cewa, “Baba, hankalina ba ya kwanciya in na ji kun fita cikin duhu. Ku taimake ni mu gwada wannan na mako ɗaya, in bai yi muku ba mu sake shawara.” Ɗakinsa ne, a nemi izininsa kafin a taɓa kayansa, a bar shi ya zaɓi inda tocila da sanda za su zauna. Maganar bokiti kuwa, ɗa ya yi da uba, 'ya ta yi da uwa, ba a gaban surukai ko jikoki ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai kuma tsofaffin da 'ya'yansu suka mutu ko suka watse, suna kwana su kaɗai. Kowace ikkilisiya ta san nata, kowace unguwa ma ta san nata. Matasa biyu da guduma da ƙusa da ɗan siminti suna iya gyara ɗaki guda a yammaci ɗaya, zumuntar mata kuma tana iya raba wa juna wanda zai riƙa leƙawa da sassafe.

Ga abin da muke roƙon kowane mai karatu ya yi a makon nan. Bayan duhu ya yi, ka nemi izini ka shiga ɗakin mahaifinka ko mahaifiyarka, a kashe fitila kamar yadda ake kwana. Ka kwanta a gadon, ka ɗan runtse ido, ka tashi ka nufi inda suke zagayawa. Duk abin da ƙafarka ta taɓa, duk inda hannunka ya nemi abin dafawa bai samu ba, ka riƙe shi a ka, gobe da safe ka fara da shi. Allah ya kiyaye mana su, ya tashe mu lafiya.